SHAƊARANJI: Me Ya Sa Muke Ta Bugawa Amma Ba Mu Cin Gaba?

Duk mai zagaya wuraren hirar samarinmu da la'asar sakaliya zai lura cewa, ban da karta da lido da darar gargajiya, wani wasa ya fara samun gindin zama kusa da butar shayi. Masu jin Faransanci suna ce masa eshek, masu jin Ingilishi suna ce masa ces, malamanmu kuwa tun tuni sun san shi a littattafan Larabci da sunan shaɗaranji. Wasu a kan allon katako suke bugawa, wasu a wayar hannu suke karawa da mutanen da ba su taɓa gani ba. Wannan abin murna ne. Sai dai akwai abin da ke damunmu, wato yawan masu fara wasan da zafi, su yi shekara ɗaya ko biyu suna nan inda suke, daga bisani su watsar.

Kwanan baya mun zauna a wata fada muna kallon wani ɗan lakwal yana karawa da wansa. Yaron ya yi dabara mai kyau har ya cinye wazirin wan nasa, ƴan kallo suka ɗauki sowa. Bai ƙara taku huɗu ba sai ga hasumiyar abokin karawa ta sauko sahunsa na baya, sarkinsa kuwa yana maƙale bayan dakarunsa uku ba hanyar fita. Dara ta ci gida. Yaron ya ture allo ya ce shi da wannan wasa har abada. Alhali ba basira ya rasa ba, ƴan ƙa'idoji ne kawai ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya faɗa masa. Saboda shi da ire-irensa muka ga ya dace mu kawo wannan bayani.

Wasan ba baƙonmu ba ne

Shaɗaranji ya samo asali ne a ƙasar Indiya wajen ƙarni na 6, ya shiga Farisa, Larabawa suka ɗauke shi suka kai Afirka ta Arewa da Andalus. A ƙarshen ƙarni na 15 ne Turawa suka sauya tafiyar wasu ƴaƴan, wasan ya zama yadda ake buga shi yau. A nan kusa da mu, manyan fadar Barno sun daɗe suna buga irin nasu da suke kira tsatsarandi, inda sarki shi ne mai, na kusa da shi ciroma, na kusurwa kuma kaigama. Saboda haka kada wani ya ce mana wasan Nasara ne.

Domin mu fahimci juna, ga sunayen da za mu yi amfani da su. Akwai sarki, akwai waziri wanda Turawa ke kira sarauniya, akwai hasumiya biyu a kusurwa, doki biyu, giwa biyu, sai dakaru takwas a sahun gaba. Giwa sunan Larabawa ne, Faransawa wawan sarki suke ce mata. Allon yana da gida 64. Layukan tsaye ana kiransu da baƙaƙe daga a zuwa h, sahun kwance kuma da lambobi daga 1 zuwa 8, ta haka kowane gida yake da sunansa, kamar e4 ko f7. Idan aka kai wa sarki hari mun ce an yi masa kashedi, idan ya rasa mafita an yi mat ke nan, wasa ya ƙare.

Kafin kome, san darajar abin da ke hannunka

Ɗan kasuwar da bai san farashi ba, kullum shi ake cuta. Masana sun yi wa ƴaƴan wasa kimar da ake aunawa da ita: dakare 1, doki 3, giwa 3, hasumiya 5, waziri 9. Sarki ba shi da farashi domin in ya tafi kome ya tafi. To, idan ka ba da hasumiya aka ba ka doki, ka yi asarar 2. Idan ka ba da doki da giwa domin ka ci hasumiya da dakare, a lissafi 6 ne da 6, amma a farkon wasa kai aka cuta, domin ka rabu da mayaƙa biyu da ke fagen fama ka karɓi wadda ba ta ma fito ba tukuna.

Wannan ya kawo mu ga magana ta biyu, cewa darajar ɗa tana bin wurin da ya tsaya. Dokin da ke tsakiyar allo yana iya dira a gida 8, wanda ke gefe gida 4, wanda ke kusurwa gida 2 kacal. Giwa a tsakiya tana ganin gida 13, a kusurwa 7. Dalilin da ya sa ke nan kowane gwani yake kokawar mallakar gidaje huɗun nan na tsakiya, d4 da e4 da d5 da e5. Wanda ya riƙe su kamar wanda ya kama mararrabar hanya ne, duk inda faɗa ya tashi shi ke riga isa.

Buɗe wasa: fito da mayaƙa, ka ɓoye sarki

Mun ga samari da dama suna haddace sunayen buɗe wasa iri-iri, taku goma sha biyar a ka, amma da zarar abokin karawa ya kauce daga abin da suka haddace sai ido ya raina fata. Ga mai tasowa, abubuwa huɗu sun isa. Na farko, tura dakaren tsakiya, e4 ko d4. Na biyu, fito da dawaki da giwaye, kowa sau ɗaya, kada ka yi ta yawo da ɗa guda sauran suna barci a gida. Na uku, ka ɓoye sarki da wuri, wato takun nan na musamman da sarki ke matsawa gida biyu hasumiya ta tsallake shi ta tsaya gefensa. Ya kamata a ce kafin taku na 10 an gama wannan. Na huɗu, kada ka yi saurin fito da waziri, domin ƙananan ƴaƴa za su yi ta korarsa, suna fitowa kai kana gudu.

Akwai wani tarko da Faransawa ke kira bugun makiyayi, wanda kusan kowane sabon shiga ya taɓa faɗawa ciki. Fari ya tura e4, Baƙi e5, sai Fari ya kai waziri h5, Baƙi ya fito da doki c6, Fari ya kai giwa c4. In Baƙi ya yi sakaci ya kawo doki f6, waziri ya ci f7, mat a taku huɗu. Maganinsa ba wuya: maimakon doki, Baƙi ya tura dakare g6. Waziri ya koma f3 yana neman f7 kuma, sa'an nan Baƙi ya sa doki f6 ya toshe. Daga nan wazirin Fari ya zama abin kora. Masu dogara da wannan tarko suna cin ƴan koyo, amma ranar da suka gamu da wanda ya san magani sai a ga ba su da wani abu a jaka.

Darasi daga birnin Paris

A shekarar 1858 wani saurayi ɗan Amurka mai shekara 21, Paul Morphy, ya buga wani wasa a gidan kallon opera na Paris, shi kaɗai da farare, wasu manyan masu sarauta biyu, Duke Karl na Brunswick da Count Isouard, suka haɗa kai da baƙaƙe. Taku 17 ne kawai, kuma har yau da shi ake koya wa yara a duniya. Muna roƙon mai karatu ya jawo allonsa ya bi mu.

Fari e4, Baƙi e5. Doki f3, dakare d6. Dakare d4, giwa g4. Fari ya ci e5 da dakare, Baƙi ya ci doki a f3 da giwa, waziri ya ci giwar, Baƙi ya ci e5 da dakarensa na d6. Taku na 6 giwa c4, Baƙi doki f6. Taku na 7 waziri b3, yana barazana ga f7 da b7 lokaci guda. Baƙi ya kare da waziri e7, amma da yin haka ya toshe wa giwarsa ta f8 hanya.

A nan ne babban darasin yake. Dakaren b7 yana nan a banza, da yawancinmu ne da mun hadiye shi. Morphy ya ƙyale shi, domin da ya ci, Baƙi zai yi kashedi da waziri a b4 ya tilasta musayar wazirai, wutar harin ta mutu. Sai ya fito da doki c3. Baƙi ya tura c6, Morphy ya kai giwa g5 ta turke dokin f6. Baƙi ya tura b5 yana korar giwa, sai Morphy ya ba da dokinsa, ya ci b5 da shi. Baƙi ya ci dokin da dakaren c6, giwa ta ci b5 da kashedi, Baƙi ya tare da dokinsa na b8 a d7. Taku na 12 Morphy ya ɓoye sarki ta ɓangaren waziri, abin da ya kawo hasumiya d1 kai tsaye kan dokin da ke turke. Baƙi ya kawo hasumiya d8. Morphy ya ci d7 da hasumiya, Baƙi ya rama da tasa, sai ɗaya hasumiyar ta zo d1. Baƙi ya matsa da waziri e6. Giwa ta ci d7 da kashedi, dokin f6 ya ci giwar. Taku na 16 Morphy ya ajiye wazirinsa a b8 da kashedi, doki ya ci shi dole, hasumiya ta sauka d8. Mat.

Dubi allon a ƙarshe. Fari ba shi da kowa cikin manya sai hasumiya ɗaya da giwa ɗaya. Baƙi yana da waziri da doki da giwa da hasumiya, amma giwar f8 da hasumiyar h8 ko sau ɗaya ba su motsa ba, sarkinsa kuma yana tsaye a tsakiya inda aka ajiye shi tun farko. Mayaƙin da ke barci a gida ba a lissafa shi ranar yaƙi.

Tambaya ɗaya kafin kowane taku

In da za a ce mu zaɓi shawara guda cikin duk abin da muka rubuta, to ita ce wannan: duk sa'ad da abokin karawarka ya taka, kafin ka tuna da naka shirin, ka tambayi kanka, me yake nufi da ni? Wa yake son ci? Ina zai yi kashedi? Sa'an nan idan ka zaɓi takunka, kada hannu ya riga ido. Duba gidan da za ka sauka ko akwai mai cinka, ka duba kuma ko ɗan da za ka ɗauke yana gadin wani abu ne. Yawancin wasannin masu tasowa ba zurfin dabara ke raba su ba, wani ne ke barin ɗansa a banza a ɗauke. Ka tuna kuma, a doka, ɗan da ka taɓa shi za ka motsa. Ka saba da haka ko a fada kake wasa, ka daina “tsaya in mayar”.

Kada wani ya ɗauka manya sun fi ƙarfin wannan ciwo. A shekarar 2006 a birnin Bonn na Jamus, Vladimir Kramnik, wanda a lokacin shi ne zakaran duniya, yana karawa da kwamfuta mai suna Deep Fritz. Hankalinsa ya tafi ga nasa harin, ya matsa da wazirinsa, bai ga cewa za a yi masa mat a taku ɗaya ba. Kwamfuta ta ajiye waziri a h7, zance ya ƙare. In zakaran duniya zai manta da wannan tambaya, ina ga mu?

Wajen neman naka takun kuma, ka bi tsari. Fara duba duk kashedin da za ka iya yi, sa'an nan duk abin da za ka iya ci, sa'an nan barazana. Tarkunan da ake cin wasa da su ƴan kaɗan ne, su ne ke ta maimaituwa. Akwai gwafa, inda ɗa guda, musamman doki, ke kai hari kan biyu lokaci ɗaya, a tsira da ɗaya a rasa ɗaya. Akwai turke, inda ɗa ba ya iya motsi domin in ya kauce za a ci babban da ke bayansa, kamar yadda muka gani a wasan Morphy. Akwai buɗe ƙofa, inda ka kawar da ɗa guda sai harin wanda ke bayansa ya bayyana. Akwai kuma mat na sahun baya, wanda ya ci ɗan lakwal ɗinmu. Rigakafinsa taku ɗaya ne, a tura dakare guda na gaban sarki, kamar h3, a buɗe masa taga.

Tsakiyar wasa: in ba ka san abin yi ba

Sau da yawa an fito da ƴaƴa, an ɓoye sarki, sai mutum ya rasa ta inda zai ɓullo, ya shiga tura dakaru barkatai. A kula, dakare ba ya komawa baya, duk gidan da ya bari ya bar shi ke nan, musamman na gaban sarki. Abin da ya fi shi ne ka dubi ƴaƴanka ka nemo wanda ya fi kowa zaman banza, ka sama masa aiki. Hasumiya tana son layin da ba dakare a kansa, in kuma ta samu shiga sahu na 7 na abokin gaba sai ta yi ta kiwo. Doki yana son gida a tsakiya inda dakaren abokin gaba ba zai iya korarsa ba. Giwa tana son fili, kada ka jera dakarunka a gidaje masu launinta ka kulle ta.

Game da musaya, ƙa'idar mai sauƙi ce. In kai ke da rinjaye, yi ta musayar manyan ƴaƴa, domin biyu da ɗaya ya fi goma da tara saurin kai wa ga nasara. In kai ke baya, guji musayar manya, ka rage dakaru. Haka kuma in ana kawo maka hari mai zafi, musayar wazirai takan kashe wutar. Kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne, kafin ka ci abin da aka bar maka ka tambaya ko kyauta ce ko ƙugiya.

Ƙarshen wasa, inda ake raba gardama

José Raúl Capablanca, mutumin Kuba da ya riƙe kambin duniya daga 1921 zuwa 1927, ya kasance yana ba masu koyo shawarar su fara da nazarin ƙarshen wasa. Mu kuwa shi muka fi rainawa. Da farko kowa ya tabbata ya iya yin mat da waziri da sarki, da kuma hasumiya da sarki, ba tare da ya kulle sarkin abokin karawa an tashi canjaras ba. Domin sarkin da ba a yi wa kashedi ba, kuma mai shi ba ya da wani takun da doka ta yarda, ba a ci shi ba.

Idan manyan ƴaƴa sun ragu, sarkin da ka ɓoye sai ya fito, ya nufi tsakiya, domin yanzu mayaƙi ne. Ga misali guda da ya kamata kowa ya sani. Sarkin Fari yana e6, dakarensa yana bayansa a e5, sarkin Baƙi yana e8. Ko wa ke da taku, Fari ya ci, domin sarki ya shige gaba yana share hanya. Amma a ce dakaren ne a e6, sarkin Fari a e5, na Baƙi a e7 kuma shi ke da taku. In ya ja da baya sak zuwa e8, Fari ya zo d6, shi kuma ya tsaya gabansa a d8, dakare ya zo e7 da kashedi, ya koma e8, Fari ya zo e6, an kulle, canjaras. In kuwa da farko ya kauce zuwa d8, Fari ya zo d6, shi ya koma e8, dakare ya zo e7, dole ya fice ta f7, Fari ya shiga d7, dakare ya zama waziri. Gida ɗaya ne tsakanin tsira da faɗuwa.

Wannan ba ƙaramin ilmi ba ne. A watan Disamba na 2024 a Singafo, wasa na 14 kuma na ƙarshe na gasar kambin duniya yana tafiya zuwa canjaras. A taku na 55 Ding Liren na ƙasar Sin ya miƙa hasumiyarsa domin musaya, ya manta giwarsa tana kusurwa inda ita ma za a tilasta musayarta. Aka bar sarakuna da dakaru, Gukesh Dommaraju na Indiya yana da biyu, shi yana da ɗaya. Nan take kambi ya koma hannun yaro ɗan shekara 18.

Yadda za a yi atisaye

Tun da kwamfutar Deep Blue ta doke Garry Kasparov a 1997, inji ya yi wa ɗan Adam nisa, yau kuma manhajar Stockfish da ake samu kyauta ta fi kowane zakara. Wannan alheri ne ga mai hankali, sharri ga malalaci. Wanda ke kwana yana buga wasan minti ɗaya ko uku a waya, kurakuransa kawai yake ƙara haddacewa. Gara wasa ɗaya na minti 15 ko 30 da aka yi tunani a cikinsa da guda ashirin na gaggawa. Sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta takunka da na abokin karawa, ko ba kome a gasa ta sosai wajibi ne. Bayan wasa, musamman wanda aka ci ka, ku zauna da shi ku sake jerawa, ka nemo inda ta ɓaci da kanka, daga baya ka tambayi inji. Sa'an nan kowace rana ka warware ƴan matsaloli biyar ko goma na gwafa da turke da mat, akwai su kyauta a Lichess. Mai satar amsa daga inji yana cikin wasa kuwa, kansa yake cuta.

Ƴan Afirka sun nuna abin mai yiwuwa ne. Amon Simutowe na Zambiya ya kai matsayin babban gwani na duniya a 2009. Bassem Amin, likita ɗan Masar, ya zama ɗan Afirka na farko da ya haye maki 2700 a ma'aunin ƙungiyar FIDE a 2017. A Legas, Tunde Onakoya ya kafa ƙungiyar koya wa yaran unguwannin talakawa wasan a 2018, a 2024 kuma ya yi awa 60 yana bugawa a birnin New York domin tara kuɗin karatun yara.

Kiranmu ga manyan fada da malaman lakwal shi ne, wanda ya iya ya zaunar da na ƙasa ya nuna masa, kada a tsaya ga yi masa dariya in an ci shi. Ƴan mata ma a ba su allo. Shi kuwa ɗan lakwal ɗinmu, mun ji an ce ya dawo, kuma yanzu ba ya manta buɗe wa sarkinsa taga. Sannu ba ta hana zuwa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.